Hannun Inno Ba Ya Sakin Kifi

Inno ce ta fara, ni ban tsokane ta ba. Na dawo daga Abhur, bakin tekun Jidda inda nake aiki, da yamma, fuskata duk gishiri, ina cire takalmi a ƙofar gidanmu na unguwar Mahjar, sai na jiyo muryarta daga ciki.

"Madina, ga mijin namu ya dawo. Maza ɗauko babban faranti, yau dai za mu ci kifin masunci."

Madina, matata, ta ƙyalƙyale da dariya, don ta san ko ƙaya babu a hannuna. Na shiga na ce, "Tsohuwar nan ba kya gajiya? Mutum ya yini a rana, maimakon sannu sai gori?"

"Sannu da me, Abdulghani? Sannu da yawo a kan ruwa? Ni dai Allah ya haɗa ni da mijin banza. Kullum yana teku, kullum matansa suna sayen kifi a Bangala."

Inno kakata ce, ita ta haifi mahaifina, kuma ita ta raine ni bayan rasuwarsa. 'Yar Sarkawan Yawuri ce, masuntan Kwara tun kaka da kakanni. Sun zo aikin hajji da kakana Idris tun kafin a san za a haife ni, suka zauna. Shi ya ƙare rayuwarsa yana dako a tashar jiragen ruwa, ga teku a gabansa amma bai taɓa shiga ba. Ita kuma ta kafa kaskon suya a bakin layi, tana saro kifi a Bangala, babbar kasuwar kifin Jidda. Taƙamarta ɗaya ce a duniya, kuma duk Mahjar an haddace ta: tun tana yarinya kifi bai taɓa suɓuce mata ba. "Ko tarwaɗa da santsinta," in ji ta, "in ta shiga hannun nan ta shiga ke nan."

Ni kuwa aikina shi ne abin da Inno ta kasa ganewa, ko kuma ta ƙi ganewa, don ba ta da wuyar fahimta sai in ta ga dama. Ina aiki a jirgin ruwan wani Balarabe, Rayyis Othman, wato shugaban jirgin. Baƙi muke ɗauka, Larabawa da Turawan kamfani da Filifinawa, mu kai su bakin sha'ab, wato duwatsun murjanin da ke tsakiyar teku, su yi kamun kifi na nishaɗi. Ni ke nuna wurin, ni ke ɗaura ƙugiya, ni ke ce wa baƙo jefa can, ja yanzu, sassauta. Amma dokar Rayyis ce, ɗan rakiya ba ya jefa fatsa. Ƙananan kifin ci na baƙi ne, su tafi da abinsu. Manyan bayad kuwa, waɗannan ƙattin kifayen masu faɗin ƙirji da baƙi ke haukacewa a kansu, in an kama sai in cire ƙugiya, in ɗora wa baƙo a cinya, a ɗauki hoto, in karɓe in cilla shi ruwa da kai. Shekara da shekaru haka nake yi, har hannuna ya daina neman shawarata.

Ranar da na fara yi wa Inno bayanin wannan, tafa hannu ta yi ta ce, "Wato a sha wahala a kama, a yi masa hoto kamar ɗan makaranta, a sallame shi? Allah ya ba ku lafiya."

To, akwai wata ƙugiya. Baƙar ƙugiya ce ƙirar maƙera, ta kai tsawon yatsa, tana ƙulle cikin tsumma a ƙasan akwatin Inno. Ta kakana Idris ce, shi ma gadonta ya yi. A gidanmu ba a ba da ita sai ga wanda ya kama kifi da hannunsa daga cikin jirgi, a kan idon babban gida, ya kuma ɗora kifin a hannun babban. Mahaifina ya rasu bai yi ba. Ƙanensa, Kawu Musbahu, mai sayar da turare a Sharafiyya, ko a baho ba ya son ruwa ya wuce masa gwiwa. Saura ni. Ni kuma kullum sai in ce mata bukra, wato gobe, in sha Allahu, bari a samu ranar da babu baƙi.

A wannan yammacin dai, bayan ta gama yi mini gori, sai ta gyara zama ta ce, "Zauna, ango, magana ce. Bayan Babbar Sallah zan koma gida. Na gaji da kifin gishiri, ƙasusuwana Kwara suke kira. Kuma da ƙugiyar zan tafi."

Na ce, "Ki tafi da ita ina?"

"Wurin Na'ibi, jikan wan kakanka. Shi ai an ce yana fita da kwale-kwale, yana dawowa da abin miya."

Wallahi raina ya ɓaci, ba wasa ba. Tafiyarta daban, wannan na san zan yi kuka a kanta in lokaci ya yi. Amma a ce ƙugiyar mutumin da ya mutu yana kallon tekun nan ta bar Jidda, alhali jikansa yana cikin tekun safe da yamma? A je Yawuri a ce zuriyar Idi ta ƙasar Makka ta watsar da su? Ai gara a mare ni a tsakiyar kasuwa.

Kawu Musbahu ne ya fara kawo shawara, irin tasa. Ya ce, "Kai ma da son wahala. Je Bangala da sassafe, zaɓi mai rai-rai, ka yayyafa masa ruwan teku." Na ce masa ya manta da sharaɗin kan ido, sannan Inno tana jin warin ƙanƙara a jikin kifi tun daga bakin layi. Sai na tafi wurin Rayyis Othman na kwashe labari na faɗa masa. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ce, "Tayyib, ba damuwa. Talata babu kowa. Kawo hajiya. Ran nan kai ne baƙo, ya Abdu, sandar da kake so ɗauka."

Talata da hantsi muka isa Abhur, ni da Inno da Kawu, wanda ta tilasta masa zuwa don ya zama shaida, ta kuma rataya masa kyamarar jirgi a wuya. Masu gadin teku suka duba iƙamarmu, takardar zaman ƙasa, suka ce kowa ya sa rigar ruwa. Inno ta dubi tata ta ce ita da ta koyi iyo kafin ta koyi tafiya, yau ita za a ɗaura wa katifa a ƙirji? Da ƙyar ta sa a kan abaya. Kawu kuwa ya nemi a ƙara masa ta biyu.

Ba mu ma fita bakin mashigi ba Kawu ya fara salati. Muna shiga teku sosai ya kwanta a dandamali ya rungume bokiti. Inno ko kallonsa ba ta yi ba. Ta zauna a goshin jirgi ta miƙe ƙafa, iska na kaɗa mayafinta, sai na ga fuskarta ta koma wata iri, kamar an rage mata shekaru. Na ce, "Amarya, ba kya jin jiri?" Ta ce, "Jirin uwar wa? Ce wa Balaraben nan ya ƙara wuta."

Da muka iso sha'ab Rayyis ya kashe inji. Wurin nan na gan shi ya fi a ƙirga, amma ran nan da idon Inno na gan shi. Ruwan garau, kana hango murjani a ƙasa reshe-reshe, wani ja, wani ruwan ƙwai, wani kamar farin kabeji, kifaye na ratsawa a tsakani. Ta leƙa ta ce, "Ikon Allah. Wancan wa ya yi masa lalle? Ji wani da kwalli har kunne. Kai, wannan ruwa ba shi da kunya, kana ganin kifi yana ganinka."

Rayyis ya miƙo mini zaren hannu da guntun naman kifi. Ya ce, "Ya Abdu, saki wannan ƙasa, yanzu ɗan kifin nan sha'ur zai kama, ka ba hajiya, halas, shi ke nan, mu huta." Inno ma ta ce, "Ko kamar yatsa ne, in dai kai ka kama, ya wadatar."

Ina! Ni da na san ramin kowane bayad a wurin nan, in miƙa wa Inno ɗan tsito ta je Yawuri ta ce ga abin da jikan Idi ya kama? Na'ibi ya yi dariya har ya faɗa Kwara? Na ce a'a, babba nake so. Na ɗauko doguwar sanda, na ɗaura kifin roba, na tsaya a gefen da sha'ab ke gangarawa cikin zurfi, na shiga jifa.

Inno ta karɓe zaren da na raina. Ta naɗa shi a yatsa, ta saki, ta ɗan karkata kai kamar mai sauraron gulma. Ba a jima ba ta fizgo wani kifi ja wur da ake kira najil, ta cafke shi a wuya tun bai gama fitowa ba. Ta sake saki, ta fizgo sha'ur. Kowanne ta ciro sai ta ɗaga ta ce, "Ango, ka ga yadda ake yi? Ko in ara maka ɗaya?" Rayyis yana ta mashallah, mashallah. Ni kuwa kafaɗata ta fara ciwo, rana ta take tsaka, ko alamar bayad babu. Na ce a raina yau kifayen nan sun haɗa baki da tsohuwar nan.

Ana cikin haka ruwa ya fashe a bayan kifin robana, fam! Sanda ta lanƙwashe, zare ya shiga kuka. Na san wannan jan, na sha ganinsa a hannun wasu, amma ban taɓa sanin haka yake shiga ƙashin baya ba. Ya nufi murjani kai tsaye, don dabararsu ke nan, su goga zare a kaifin dutse su tsinke. Na yi ihu, "Wara, ya Rayyis, baya, baya!" Rayyis ya tada inji ya ja jirgi cikin zurfi. Na kafa gwiwa a jikin jirgi, in ya ja in ba shi, in ya huta in karɓe.

Sai na ji guɗa a bayana. Inno ce, ta miƙe tsaye da rigar ruwanta a karkace, tana yi tana cewa, "Ja shi, na Idi! Haka kakanka yake tsayuwa, wallahi haka yake tsayuwa! Kar ka ba ni kunya, ɗan gidan masu ruwa!" Tun da nake ban taɓa jin ta yi mini kirari maimakon gori ba sai ran nan. Ƙarfi ya zo mini daga inda ban sani ba.

Da ya gaji ya taso, sai da ni da Rayyis muka haɗu muka ɗago shi. Bayad ne ƙato, ya kusa kai mini ƙirji in an tsayar da shi, jikinsa na sheƙi kamar sabuwar tasa. Na zauna na ɗora shi a cinya, na zare ƙugiya da sauri yadda na saba. Inno ta nannaɗe hannun abaya, ta matso, ta tara hannu biyu. Rayyis ya ce, "Hoto, hoto!" Kawu ya ɗago kai daga bokiti, idonsa jawur, ya saita kyamara.

Ƙyas.

Jama'a, ni dai ban yanke shawarar komai ba. Ƙarar kyamarar nan kawai hannuna ya ji. Kafin hankalina ya iso wurin, na miƙe, na juya, na cilla kifin nan ruwa da kai, tsaf yadda ake yi, har da 'yar addu'ar da nake yi musu ta sauka lafiya.

Inno ta yi wani tsalle da ban san tana da shi ba. Ta cafko wutsiyar da hannu biyu a daidai bakin jirgi, ta riƙe gam. Kifin ya yi fizga ɗaya, ya buga mata wuyan hannu a jikin ƙarfe, ya wuce. Muna kallonsa ta cikin ruwan nan marar kunya, yana gangarawa a hankali abinsa, ko waiwaye babu.

Rayyis ya ja gutura, ƙyallen kansa, ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Kawu ne ya fara fashewa, yana dariya yana kakarin amai, yana cewa, "Ya sallame shi! Wallahi ya sallame shi!" Inno ta dubi tafin hannunta, ta dube ni. Ta ce, "Abdulghani, me na gani yanzu?"

Na ce, "Inno, hannuna ne."

"Hannunka. To na wa zai zama, nawa?"

Na rarumi zaren hannun nan da na raina ɗazu, na saki ƙasa. Yanzu ko ɗan tsiton ne ina so, ko mai kwallin ne. Zare ya maƙale a murjani ya tsinke. Na ɗaura wani, shi ma haka. Kafin in ɗaura na gaba iskar arewa ta taso, wadda ke zuwa bayan azahar, teku ya fara tuƙa tuwo. Rayyis ya ce, "Yalla, mu tafi, ba na wasa da iskar nan da tsohuwa a jirgi." Haka muka juyo, kifin Inno cike da bokiti ɗaya, Kawu rungume da ɗayan.

Abin da ya fi ci mini rai a kwanakin da suka biyo baya shi ne Inno ta daina yi mini gori. In na dawo daga aiki sai ta ce sannu da zuwa, kamar wani baƙo. Madina ta ɗaure mata wuyan hannun da ya kumbura, ta shafa mata man zafi. Na roƙi Rayyis wata ranar, ya buɗe hannu ya ce hutun Sallah ne, jirgi a cike yake har bayan tafiyarta. Na ga lokacin da ta ciro tsumman nan daga ƙasan akwati ta sa a jakar hannunta. Labari kuwa ya riga ya zaga Mahjar, albarkacin Kawu. Har masu shayi in na wuce sai su ce, "A ɗauke ka hoto, Abdu?"

Ranar tafiya muka raka ta filin jirgi, ni da Madina da Kawu. An auna kaya, an gama komai, saura ta shiga. Na ba ta hoton da aka wanko. Ga ni a zaune da bayad a cinya ina washe baki, ga ta a gefe ta tara hannu. Ta kalle shi ta jima, ta sa a jaka. Sai ta ce, "Musbahu, matso. Kai ne shaida. Kifin nan wa ya kama shi?"

"Abdulghani."

"Daga cikin jirgi, a kan idona?"

"Haka ne."

"Ya shiga hannuna ko bai shiga ba?"

Kawu ya sosa ƙeya. "To, Inno, ai shi ya cilla shi, ke kuma kika..."

"Kai da kake kwance da kai a bokiti, me ka gani? Tambayarka na yi, hannun nan biyu sun riƙe shi ko ba su riƙe ba?"

"Sun riƙe."

"To shi ke nan. Yaro ya kama, ya kawo, ya shiga hannuna. Ni ce na kasa riƙewa."

Ta zaro tsumman daga jaka ta danƙa mini a tafi, ta naɗe yatsuna a kai da hannunta mai ɗauri. Na ji ƙarfen ta cikin tsumma. Na ce, "Inno, ke fa kifi bai taɓa suɓuce miki ba. Duk duniya ta sani."

"To ya suɓuce. Tsufa ne, ko an ce maka ni dutse ce? Kakanka har ya mutu bai kama rabin wannan ba, ko a giwan ruwa. Sai dai shi yana da hankali." Ta ture mini kafaɗa. "Share fuskarka, mijin banza, mutane na kallo. Ƙato da kai."

Na share, amma ba ta sharu ba. Madina ma kuka take, Kawu yana ta neman hankici a aljihun da babu. Inno ta juya ta bi layi, ba ta waiwayo ba sai a bakin ƙofa, inda ta ɗaga hannun nan mai ɗauri sama ta kaɗa mana.

Ƙugiyar tana rataye yanzu a jikin gilashin jirgin Rayyis Othman, inda nake ganinta duk lokacin da muka nufi sha'ab. Baƙi kan tambaya ko ta sayarwa ce, in ce musu a'a.

Bayan wata guda da tafiyarta Na'ibi ya bugo mini waya daga Yawuri. Na ɗauka zai yi ƙorafi, ashe dariya ce ta cika masa ciki. Ya ce, "Ɗan'uwa, wane irin kifi ne wannan kuke da shi a can? Tun da Inno ta sauka ba ta bar kowa ya huta ba. Ta warke sarai, amma ta ƙi kwance ɗaurin hannun. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta zaunar da shi ta ciro hoto, ta ce a zo a ga kifin da jikanta ya ɗora mata, wanda ya fi ƙarfin hannunta. Da bakinta take faɗa, wallahi, har tana ƙarawa da cewa ita ce ta sake shi."